Yadda Na Taya Gyaran Dish

Ni ba mai cika baki ba ne, amma duk wanda ya taɓa shiga shagona sayen tsohuwar kujera ko firji ya san a harkar ciniki ba ni da na biyu. A-Rage ake kirana, har sunana na gaskiya ya kusa ɓacewa. Na taya kuɗin allura a asibiti, na taya kuɗin hoton fasfo, kuma ranar da aka ci ni tara a kan titi, sai da jami'in da kansa ya roƙe ni in tafi, don kansa ya fara ciwo. Saboda haka da talabijin ɗinmu ta yi ɗif ranar Talata, ta rubuto wai babu sigina, ko gezau ban yi ba. Daɗi ma na ji, don na daɗe ina neman ranar da za ta haɗa ni da kamfanin dish, masu karɓe mini kuɗi duk wata ba tare da an zauna an daidaita ba.

Matsalar guda ɗaya ce. Ranar Asabar da yamma za a nuna 'yata Auta kai tsaye a gasar muhawara ta makarantu, kuma ta riga ta tafi tare da malamarsu. Inna, mahaifiyata, ita ta yi renon yarinyar nan, kuma shekara da shekaru gwiwoyi sun hana ta sauka daga benen da muke haya. Iyakar tafiyarta daga ɗaki zuwa falo ne, idan ta yi nisa ta tsallaka ƙofar Anti Tela da ke fuskantar tamu. Tun da aka sa ranar ta ciro mayafinta na ƙasan akwati, ta aika wa ƙawayenta su zo su ga jikarta. Ban taɓa ganin tana ɗokin wani abu haka ba.

"Baban Auta," in ji matata, "ka kira su, duk abin da suka ce ka biya. Asabar ba nisa."

"Duk abin da suka ce? A gidan nan kike kuwa, ko baƙuwa ce ke?"

"A gidan nan nake, shi ya sa nake roƙonka."

Na sa waya a sifika na ajiye a kan tebur don mutanen gida su ƙaru da ilimi. Wata murya ta yi ta aike na, danna nan, danna can, ta kuma sanar da ni wai ana naɗar kiran. Na ce a naɗa, 'yan baya su amfana. Daga ƙarshe wata budurwa mai sanyin murya ta ɗauka, ta sa na karanto mata lambar dikoda, ta yi 'yan tambayoyi.

"Yallaɓai, bisa alama dikodar ce ta samu matsala. Amma ka yi sa'a, garantinta bai ƙare ba, za a canja maka kyauta. Kuɗin zuwan ma'aikacinmu kawai za ka biya."

Ta faɗi kuɗin. Tsakani da Allah bai kai na cefanen kwana biyu ba. Matata ta shiga gyaɗa mini kai kamar ƙadangaruwa. Amma ni kalmar kyauta ba ta ruɗa ni, kuma duk ɗan kasuwa ya san matakin farko shi ne ka kushe kaya har mai su ya ji kunyar kuɗin da ya faɗa.

"'Yata," na ce, "wannan akwatin kike kira dikoda? Jiya na sa sukundireba na kwance shi. Ba komai a ciki sai ƙura da 'yar waya guda. Don wannan za ku turo mutum har ku caje ni?"

Ko goge abin ban taɓa yi ba, balle kwancewa. Sai na ji ƙarar yatsunta a kan kwamfuta.

"Yallaɓai, ka ce da kanka ka buɗe ta?"

"Har sau biyu."

"To garanti ya faɗi ke nan. Yanzu akwai kuɗin zuwa, akwai kuɗin gyara."

Matata ta ɗora hannu a ka. Na ce wa budurwar wasa nake, ta ce an riga an naɗa. Na ce to rabi zan biya, ta ce su ba a tayawa a wurinsu.

"Babu abin da ba a tayawa a duniyar nan. In ba ki sallama ba, na fasa!"

Na kashe waya, na miƙe ƙafa, na ce su zuba ido, yanzu za ta kira. A kasuwa haka ake yi, ka juya baya, kafin ka kai kwana mai kaya ya biyo ka yana cewa kawo kuɗi. Na yini da waya a hannu, har banɗaki da ita nake shiga. Da yamma Inna ta dube ni ta saman tabarau.

"Wai ita yarinyar ta san kuwa ciniki kuke yi?"

Washegari matata ta faki idona ta kira su, aka ce ma'aikaci zai zo ranar Alhamis. Da na ji, ban yi faɗa ba, don na ga dama ta biyu ce Allah ya kawo. Murya a waya ba ta da ido, amma mutum in ya tsaya a gabana, ya shiga hannu.

Dabarar da na shirya tsohuwa ce: ka nuna wa mai kaya cewa ga wani a gefe mai araha. Na kira Dogo, ƙanen matata, wanda sana'arsa sayar da caja da murfin waya. Na aro masa wata riga mai ruwan lemo mai walƙiya wurin wani abokina, na zuba masa filaya da sifana a jaka, na ƙara da muciyar kicin don jakar ta yi nauyi.

"Da ya faɗi kuɗi, ka yi tari, ka ce ku rabi kuke yi."

"Yaya, mu su wa?"

"Ku kamfani mana! Kai dai ka haɗe rai."

Ma'aikacin ya iso a kan babur da tsani ɗaure a baya, yana ta duba agogo. Muka tare shi a ƙofar gida, daidai shagon Mai Aski da ke ƙasan benen. Ya faɗi kuɗin aikin. Dogo ya yi tari, tarin ya sarƙe shi da gaske, sai da na buga masa baya.

"Mu a kamfaninmu rabi muke yi," in ji shi da jajayen idanu.

"Wane kamfani?"

Dogo ya dube ni, ni ma na dube shi. Duk shirin da muka yi, mun manta ba mu raɗa wa kamfanin suna ba. Ma'aikacin ya ɗan zagaya bayansa, ya karanta rubutun rigar.

"Ikon Allah. Ashe masu kwashe shara ma sun fara gyaran dish. To madalla, ni gidaje na jirana. Ya gyara muku. Kuɗin zuwa dai za a sa a asusunka, tunda na zo."

Ya juya ya nufi babur. Nan take na gane wasan, wato ni zai yi wa tafiyar ciniki. Na naɗe hannu a ƙirji. A irin wannan, wanda ya fara kira shi ya faɗi.

"Kira shi!" Matata ta leƙo ta taga tana ihu.

"Jira yake in kira shi. Dubi yadda yake jan ƙafa wurin sa hular kwano."

Ya sa hular, ya tayar da babur, ya sha kwana, ko waiwaye bai yi ba. Na tsaya ina sauraron ƙarar injin har ta ɓace. Mai Aski ya fito da almakashi a hannu, kwastomansa na biye da shi da rabin kai a aske.

"A-Rage, an sallama?"

"Muna kai," na ce. "Dogo, hau."

"Yaya, in hau ina?"

"Rufi. Wata ƙila ba dikodar ba ce, iska ce ta karkatar da dish. Ɗan juyi ne kawai, ko yaro ya iya."

Sai a ranar na san cewa duk tsawon Dogo, tsoron sama yake ji. Da rarrafe ya isa kan kwanon, yana karanto duk addu'ar da ya sani. Dish uku ne a jere a can, namu da na Mai Aski da na Anti Tela, kuma babu wanda aka rubuta wa suna. Na tsaya a titi ina ba da umarni, matata na gaban talabijin tana ba da rahoto ta taga.

"Juya dama!"

"Babu komai!" in ji matata.

"Ƙara!"

"Har yanzu babu!"

"Kai! Kai! Wa ya taɓa mini ƙwallo?" Mai Aski ya fito a guje, wannan karon da reza. Ashe nasa Dogo ke ta murɗawa.

Aka mayar da shi iya yadda aka iya, hoton ya dawo yana tsinkewa, 'yan wasa na tsayawa cak a sama kafin su dira. Dogo ya koma kan namu, ya ga noti, ya tuna akwai sifana a jaka. Ban ce ya kwance ba, amma gaskiya ban ce kada ya kwance ba. Sai gani muka yi dish ya rabu da ƙarfensa, ya gangaro kan kwano yana ƙara kamar ana kiɗan gwangwani, ya yi tsalle ya dira a tsakiyar titi, ya naɗe kamar hular da aka zauna a kai. Dogo ya kai hannu zai cafke shi, ƙafarsa ta burma kwanon, ta fasa silin, ta leƙa ɗakin Anti Tela daidai saman keken ɗinkinta.

Ihun da matar nan ta yi, har masu shagunan ƙarshen layi sai da suka fito. Ta ce tana cikin ɗinkin wuyan riga ta ɗaga kai ta ga ƙafa da silifas tana lilo. Kafin a gane ƙafar wa ce, ta riga ta zuba mata duka da sandar awo.

Duk da haka Anti Tela mutuniyar kirki ce. Da daren nan matata ta je ta ba ta haƙuri, ta dawo da albishir: talabijin ɗinta lafiya lau take, kuma ta yarda Inna da ƙawayenta su zo ɗakinta ranar Asabar. Magana ta ƙare ke nan, in da ni mai hankali ne. Amma ranar Juma'a duk wanda ya wuce ta ƙofar shagona sai ya tambaye ni ko kamfanin shara na ɗaukar ma'aikata. Har wani ya zo sayen kujera, na faɗi kuɗi, ya ce zai kira Dogo ya taya masa. Abin ya tsaya mini a rai. Kafin in rufe shago babbar dabara ta faɗo mini, wadda a lokacin na ɗauka ita ce mafi kyau a duk rayuwata.

Da sassafen Asabar, matata na fita kasuwa, na tara Mai Aski da Anti Tela a kan matakala.

"Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi," na ce. "Ni kaɗai suka gani, shi ya sa suka raina ni. Amma in muka ɗauki dikodojinmu gaba ɗaya muka dire musu a kan kanta, muka ce duk gidan zai rufe, wallahi manaja da kansa zai fito yana rawar jiki. Gyara kyauta, kuɗin wata kuma a rage mana rabi."

"Rabi?" Anti Tela ta sauke hannu daga ƙugu. Mace ce da ko guntun zare ba ta yarwa.

"Rabi. Silin ɗinki kuma a wuyana."

"Ni dai hotona ya daina tsinkewa kafin wasan gobe," in ji Mai Aski.

"Amma fa ka san da yamma Inna za ta yi kallo," Anti Tela ta ƙara.

"Haba Anti, ai uwata ce. Kafin azahar mun dawo."

Ina fitowa daga ɗakinta da dikoda a hammata, sai ga Inna a bakin ƙofarmu, dafe da bango.

"Ina za ka kai akwatin mutane?"

"Ɗan yawo zai yi ya dawo, Inna."

"Kai da ubanka ba ku taɓa kai abu yawo ya dawo da ƙafarsa ba."

Muka ɗauki tasi mu huɗu, har da Dogo mai ɗingishi, wanda na ɗora wa lanƙwasasshen dish ɗin don ya zama hujja. Ofishin kamfanin yana can unguwar bankuna, gaba ɗaya gabansa gilashi ne, ciki sanyi kamar firjin da ban taɓa sayarwa ba. A bango an jera talabijin birjik, kowace da tasharta, duk ba murya. Maigadi ya nuna mana wata na'ura da ke tofo lamba. Na duba tamu, na duba wadda ake kira, na ga tsakaninsu tafiya ce. Na gwada yin musaya da wani dattijo da ke kusa da gaba, ya ce shi tun da aka buɗe yake nan, in na sake matsowa zai kira maigadi.

Azahar ta yi ta wuce muna zaune. Wayata ta yi ta ruri a aljihu, na san matata ce, na ƙi ɗauka, don mai shirin yaƙi ba ya son a raba masa hankali. Anti Tela ta fara karkaɗa ƙafa.

"A-Rage, mu koma. Rabin nan na yafe."

"Yanzu da muka kusa? Dubi fuskokinsu, tun shigowarmu suke cikin tsoro."

Babu wanda ya ko kalle mu, amma haka na faɗa. Da aka kira lambarmu, mu ne kusan na ƙarshe. Na shige gaba, na dire dikodoji uku a kan kanta, na sa Dogo ya jingina dish a gefe. Budurwar da ke zaune ta yi mana sannu, ina jin muryar na gane ta. Ita ma da ta buga lambata ta ɗago kai.

"A'a, yallaɓai mai sukundireba. Barka da zuwa."

Na gyara tsayuwa, na ɗaga murya yadda sauran jama'a za su ji su koya.

"'Yata, yau ba da wasa na zo ba. Kin ga mutanen nan? Gida guda ne cur. Ko a yi mana gyara kyauta a rage mana rabin kuɗin wata, ko ki rufe mu gaba ɗaya. Zaɓi ya rage naki."

"Yallaɓai, ba ni da ikon rage komai. Kuɗin a kwamfuta yake."

"To kira mini wanda ya fi kwamfutar."

"Manaja ba ya zuwa ranar Asabar."

"Ɓuya ya yi," na raɗa wa Mai Aski. Na juyo gare ta. "To rufe!"

"Bari dai in gaya muku gaskiya," ta ce, tana kallon Anti Tela. "In na rufe, nan take hoto zai ɗauke. Ba a sake buɗewa sai Litinin, kuma da kuɗin sabon haɗi. Hajiya, taki lafiyarta ƙalau fa. Kin tabbata?"

Anti Tela ta buɗe baki, na taka mata ƙafa a hankali.

"Barazana ce," na ce mata ƙasa-ƙasa. "Ni ma haka nake ce wa kwastoma wani ya riga ya taya. Yanzu za ta karye."

"Na... na tabbata," in ji Anti Tela.

Mai Aski ma ya ce ya tabbata, yana kallona kamar mai neman ceto. Ni kuwa har da buga kanta. Budurwar ta numfasa, ta danna, ta danna, ta sake dannawa.

"An rufe duka. Mun gode da hulɗa da mu. Na gaba!"

Sai na tuna saura makami na ƙarshe, wanda bai taɓa ba ni kunya ba a kasuwa.

"Ku ɗauki kayanku, mu tafi," na raɗa musu. "A hankali. Kada wanda ya waiwaya. Kafin mu kai ƙofa za ta kira."

Muka jera muna tafiya kamar masu rakiyar mara lafiya. Na tsaya na gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Na tsaya na karanta wata sanarwa a bango har ƙarshe. A bayana ba na jin komai sai muryarta tana yi wa na gaba sannu. Muka kai ƙofa, ta buɗe da kanta, muka fita cikin rana. Sai na ji an ƙwala kira.

"Malam! Malam!"

Wallahi wani sanyi ya ratsa ni. Na dubi mutanena baki har kunne, na ce, "Me na gaya muku?" Na juyo a hankali, irin juyowar wanda ba ya so. Maigadi ne, yana jan dish ɗinmu a ƙasa.

"Kun bar tarkacenku. Nan ba bola ba ce."

Ya tura mana shi waje. Mutanen da suka rage a ciki suka tuntsire da dariya, har dattijon nan da ke fitowa sai da ya dafa ƙarfe. Aka sallami na ƙarshe, ma'aikata suka fice ta baya, maigadi ya murɗa makulli daga ciki, ya juya allon da ke cewa an tashi.

Abin da Anti Tela ta faɗa mini a bakin titin nan, ba zan iya maimaita rabinsa ba. Ta fara daga silin, ta bi ta kan ƙafar Dogo, ta gangaro har kan wata kujera da na sayar mata tun tana amarya. Mai Aski kuwa ya rungume dikodarsa yana kallon sama, wanda ya fi zagin ciwo. Wayata ta sake ruri. Wannan karon na ɗauka.

"Kana ina?" in ji matata. "Ƙawayen Inna sun cika ɗakin Anti, sai kallon bango suke. Lokaci ya yi! Kawo dikodar!"

"Ko na kawo, ba za ta yi ba."

"Ta Mai Aski fa? Sai a ɗauko Inna a kujera a sauko da ita."

"Ita ma."

Na ji ta juya tana gaya wa Inna a hankali. Gara a ce ta zage ni.

Mai Aski ya lalubi tashar a wayarsa bai samu ba. Na duba hagu da dama, duk bankuna ne a rufe, ko mai sayar da ruwa babu. Sai Dogo ya manna fuska a gilashi ya daka tsalle da ƙafarsa mai lafiya.

"Yaya! Ga Auta!"

Ga ta kuwa, a ɗaya daga cikin talabijin ɗin bango, ta biyu daga ƙasa. Tana zaune cikin kayan makaranta, ta haɗa hannuwa a kan tebur yadda kakarta ke yi. Na hau dukan gilashi har maigadi ya zo.

"Don Allah ƙaro mana murya! 'Yata ce! Ko nawa ne zan biya!"

Mai Aski da Anti Tela suka juyo suka kalle ni, don ba su taɓa jin kalmomin nan daga bakina ba. Maigadi ya matso da bakinsa jikin ƙofa ya ce rimot na cikin durowar manaja, makulli kuma na hannun manaja. Ya tausaya dai, ya janye wata tukunyar fure da ke kare mana gani.

"Ba ni Inna," na ce wa matata.

Na ji ana miƙa waya, na ji tsofaffi na gunaguni a bayanta.

"Ina jin ka," in ji Inna.

"Inna, ga ta nan ina ganin ta. Ta miƙe yanzu. Ta gyara abin magana."

"Ta rame?"

"Ba ta rame ba."

"Tana rawar jiki?"

"Ko kaɗan. Ta ɗaga yatsa tana nuna yaron ɗaya ɓangaren."

"Me take cewa?"

Na ƙura wa bakin yarinyar ido, yana ta motsi, ba na jin ko harafi. Na yi abin da na saba.

"Cewa take, ya ku alƙalai, hujjar abokin hamayyata tsohuwar hujja ce, an sha gyara ta, ko kyauta aka ba ni ba zan karɓa ba..."

"Rufe mini baki. Wannan bakinka ne, ba nata ba. Faɗi abin da ka gani kawai."

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Tsohuwa ta saka mayafinta na ƙasan akwati, ta tara ƙawaye, ni kuma na mayar da ita mai sauraron waya. Na faɗi abin da na gani. Na ce ta zauna, ana tafa mata. Na ce yaron ya tashi yana ta duba takarda. Na ce ta sake miƙewa, alƙali ɗaya na gyaɗa kai. Anti Tela ta manta da faɗa, ta manna goshi a gilashi kusa da ni tana cewa, "Gaya mata ɗinkin da na yi wa yarinyar ya zauna mata." Ina jin Inna na maimaita wa ƙawayenta kowace kalma, suna amsawa da ma sha Allah.

Can aka kira Auta gaba, aka miƙa mata kofi. Mai gabatarwa ya kai mata abin magana, ta dubi kyamara sosai ta yi 'yar doguwar magana tana murmushi. Kalma ɗaya tak na iya karantawa a leɓenta, ita ma don ta maimaita ta ne. Idona ya cika, hoton ya dushe.

"Inna, ta ci. An ba ta kofi. Tana magana."

"Me ta ce?"

"Ta ce Baba. Sauran ban ji ba."

Na ji Inna ta ja hanci, sannan ta gyara murya.

"Allah ya sa dai ba yabonka take yi ba. Maƙaryaci ɗaya ya ishe mu a gidan nan."

"Inna, ki yafe..."

"Ban tambaye ka ba. Kada ka kashe wayar. Har yanzu tana nan?"

"Tana nan."

"To ci gaba."

Na ci gaba da faɗa mata, hancina manne da gilashi, har maigadi ya bi talabijin ɗin ɗaya bayan ɗaya yana kashewa. Ta Auta ya bari a ƙarshe.